Yadda ake shirya sujadar Lahadi da jagorantarta a majami'unmu na Yamai

A yawancin majami'un bishara da ke Yamai, ba fasto ne ke riƙe da sujadar Lahadi daga farkonta har ƙarshenta ba. Dattawan ikilisiya sukan fitar da jerin sunaye su liƙa a ƙofa, kowace Lahadi da mai wa'azinta da mai jagorarta, kuma sau da yawa mai jagorar malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko tela, ko ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni wanda bai taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Domin irin waɗannan ƴan'uwa, maza da mata, na rubuta wannan bayani. Ƴan'uwanmu na Katolika suna da rubutaccen tsari da suke bi a ko'ina cikin duniya, amma mu da tsarinmu ya fi sauƙin sauyawa, nauyin shirya shi yana kan wanda sunansa ya fito a takarda.

Akwai ma'auni guda da nake roƙon mai jagora ya riƙe a duk abin da zai yi. Ka tuna da tsohuwar da ke zaune a bencin baya, wadda ta baro ƙauyensu a ƙasar Maraɗi ko ta Dogon Dutsi ta zo zama wurin ɗanta, ba ta iya karatu ba, ba ta jin Faransanci, kunnenta kuma ya fara nauyi. Idan aka tashi ta san abin da aka karanta, ta samu waƙar da ta rera da bakinta, ta kuma fahimci addu'ar da ta ce wa amin, to, ka sauke nauyin da aka ɗora maka. Manzo Bulus ya yi wa Korantiyawa wannan tambayar a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari, inda ya ce ta yaya mutum zai ce amin ga godiyar da bai san abin da ake faɗa a cikinta ba, a ƙarshen surar kuma ya umarce su su yi kome yadda ya dace, bisa tsari.

Shiri yana farawa tun farkon mako, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Laraba ta wuce ka sami mai wa'azi, ko ka je gidansa ko ka kira shi a salula, ka gaishe shi yadda ya kamata, sa'an nan ka ce, “Baba, wane nassi ne za mu ji ran Lahadi, kuma me kake so jama'a su koma gida da shi?” Amsar wannan tambaya ita ce za ta ɗaure dukan sujadar. Ka karanta nassin kowace safiya har zuwa Asabar, da murya a fili, domin bakinka ya saba da sunayen da ke ciki. Daga nan ka zaɓi zaburar buɗewa da waƙoƙin da ke tafiya hanya ɗaya da shi. Idan, alal misali, za a yi wa'azi a kan ɗan da ya ɓata ya dawo, a Luka sura ta 15, Zabura ta 103 ta dace da buɗewa saboda tana maganar Allah mai juyayin ƴaƴansa kamar uba, waƙar da za ta gabaci wa'azi kuma ta zama ta tuba, ta rufewa ta zama ta murnar gafara. Jama'a ba za su lura da cewa an ɗinka waɗannan abubuwa da juna ba, amma za su iske zukatansu a shirye sa'ad da mai wa'azi ya miƙe.

Kada ka manta da shirin kanka. A Matiyu sura ta 5 Ubangiji ya ce wanda ya kawo baikonsa bagadi ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, kuma idan kana da rikicin bashi ko na iyali da wani da zai zauna a gabanka ran Lahadi, shi da mutanen gidansa ba za su iya bin addu'arka ba. Ka je ka same shi cikin mako, ko da tare da dattijo ɗaya.

Maganar harshe ita ce ta fi kowace wuya a Yamai, shi ya sa zan daɗe a kanta. A benci ɗaya za ka iske Bahaushe da Bazabarme da Bagurme, ga ƴan'uwa daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya waɗanda aiki ko kasuwa ta kawo, ga kuma yaran da aka haifa a birni, waɗanda Faransancin makaranta ya fi musu sauƙi a kan Hausar littafi. Kowace ikilisiya tana da shawarar da dattawanta suka yanke a kan harsunan sujada, kuma ba aikin mai jagora ba ne ya sauya ta a ranar Lahadi. Aikinsa shi ne ya tabbata abin da aka yanke ya yi aiki. Idan ana fassara, ka sami tafinta tun ran Juma'a ko Asabar, ka ba shi nassin da jerin waƙoƙin da rubutacciyar sanarwa, domin ya nemi kalmomin da za su ba shi wahala tun yana gida. A gaban jama'a kuma ka yi magana a gajerun jimloli masu cikakkiyar ma'ana, ka tsaya ya gama kafin ka ci gaba, kada ka yanke magana a tsakiya ka bar shi yana jiran ƙarshenta. Ka kuma yi lissafi da gaskiya: duk abin da aka fassara yana cin ninkin lokacinsa, wa'azin minti 25 ya zama minti 50, sanarwar minti 10 ta zama minti 20. Wanda bai yi wannan lissafi ba shi ne yake tashin jama'a bayan rana ta take.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa a wurin masu ilimin boko a cikinmu shi ne su fara da Hausa, sa'an nan ba da saninsu ba su zame cikin Faransanci a daidai wurin da maganar ta fi muhimmanci, su bar tsofaffi da gaisuwa kawai. Maganin wannan shi ne ka rubuta addu'ar buɗewa da kalmomin gabatarwa da Hausa tun a gida, ka karanta wa wani dattijo ko mahaifiyarka, ka ji ko sun shiga kunne.

Haka ma karatun nassi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aka fitar da wata fassara a 1979, yanzu kuma akwai sababbi a cikin salula, saboda haka a sujada ɗaya za ka iya samun fassara uku a hannun jama'a. Ka tambayi mai wa'azi wadda zai yi amfani da ita, a karanta daga ita. Ka lura da Zabura musamman, domin a yawancin bugun Faransanci ana ƙirga taken da ke saman zaburar a cikin ayoyi, har addu'ar neman zuciya mai tsabta ta Zabura ta 51, wadda take aya ta 10 a Hausa, ta koma aya ta 12 a can. Idan ba ka faɗi lambobin biyu ba, rabin jama'a za su yi ta laluben wurin har a gama karatu. Ka zaɓi mai karatu tun da wuri, ka sa ya gwada a gabanka, ya karanta a hankali, yana numfasawa inda ma'ana ta tsaya. A zamanin Nehemiya an karanta Attaura dalla-dalla ana bayyana ma'anarta har jama'a suka gane, kuma wannan ne gurbin da muke bi. Bayan ka faɗi sura da aya sau biyu, ka yi shiru har ƙarar buɗe shafuka ta kwanta.

Waƙa ita ce wurin da jama'a duka suke da murya, don haka kada a bar ta ta zama kallo. Tun daga lokacin da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Damagaram a 1924, aikin ya bazu zuwa ƙasar Maraɗi, aka kuma buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950, iyayenmu sun haddace waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, da yawansu ba tare da sun iya karanta shi ba. Kowace Lahadi a sa aƙalla biyu daga cikin waɗannan, a faɗi lambar waƙa a fili, a kuma karanta baitin farko domin marasa littafi. A ba Zumuntar Mata wurinsu da tulunansu da gangunansu, gama waƙoƙinsu na amshi su ne suka fi saurin kama bakin baƙo, kuma sau da yawa nassi ne tsantsa aka zuba cikin karin gida. Ƙungiyar mawaƙan matasa ma tana da rabonta, sai dai ka zauna da shugabanta ran gwaji ku daidaita yawan waƙoƙi da tsawonsu. Idan za a koyar da sabuwar waƙa, guda ɗaya ta isa, a maimaita ta makonni uku a jere. Mai kula da na'urar sauti kuma ka roƙe shi da ladabi ya rage ƙarar piyano da gita har ya zamana ana jin muryar jama'a a bisa kayan kiɗa. Idan ka tsaya a gaba kana jin mawaƙa shida kaɗai, sauran jama'a sun yi tsit, wani abu ya lalace ko da waƙar ta yi daɗi.

Ran Asabar da yamma ka leƙa majami'a. A lokacin hunturu ƙura takan rufe benci cikin dare ɗaya, sai an sake gogewa da safe. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano yakan yi wa tsofaffi da masu goyo wuya tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don haka a cika randa ko a tanadi ruwan sanyi, a gwada fankoki, a duba ko akwai mai a injin wuta. Ka shirya ranka cewa kuran, wato wutar lantarki, zai iya ɗaukewa a tsakiyar waƙa. Idan hakan ya faru kada ka tsaya jiran a tayar da inji, ka matso kusa da jama'a, ka ɗaga murya, a ci gaba da tafi da ganga. Da damina kuma ka duba inda rufi ke yoyo, ka kuma sani cewa ƴan'uwan da ke zuwa daga Harobanda ta gadar Kennedy, ko daga unguwannin da ruwa ke kwanciya, za su makara idan an kwana ana ruwa.

Duk da haka, a fara a kan lokacin da aka sanar, ko da mutum goma ne a ɗaki. Idan mai jagora ya saba jiran ɗaki ya cika, jama'a ma za su saba jiran a fara kafin su baro gida, a haka sujadar ƙarfe tara take komawa ta goma. Kai ka iso da rabin awa a hannu, ku taru da mai wa'azi da tafinta da mai karatu da shugaban mawaƙa, kowa ya karɓi kwafin tsarin, ku yi gajeriyar addu'a tare.

Muna zaune ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, da yawansu danginmu ne na jini, kuma yadda muke sujada shaida ce a gare su. Lasifika ta fuskanci cikin ɗaki, motoci da babura kada su tare ƙofar gidan kowa, yara kada su watsu cikin unguwa suna hayaniya. Waɗanda suka ga ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, sun san dalilin da ya sa ake ajiye mutane biyu masu natsuwa a bakin ƙofa, sun kuma san cewa a waɗannan ranaku akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu. Masu tsaron ƙofa su zama masu sakin fuska da suka san jama'a, su tarbi baƙo da gaisuwa, su nema masa wurin zama kusa da mai jin harshensa.

Idan lokaci ya yi, ka miƙe ka gai da jama'a a taƙaice cikin sunan Ubangiji Yesu, ka karanta zaburar buɗewa, ka yi addu'a. Daga nan maganarka tsakanin abu da abu kada ta wuce jimla biyu ko uku. Jarabar da ke kama kusan kowane sabon mai jagora ita ce ya yi ƙaramin wa'azi kafin kowace waƙa, ko ya sake bayyana wa'azin bayan mai wa'azi ya zauna. Wannan yana cinye lokacin Maganar Allah, yana kuma nuna kamar ba ka gamsu da abin da bawan Allah ya kawo ba. Ka faɗa wa jama'a a fili lokacin tashi da lokacin zama, kana ƙarawa da cewa tsofaffi da marasa lafiya suna iya zama abinsu. Idan za ka kira wani gaba, ka kira shi da girmansa, Baba Dattijo ko Mama shugabar Zumunta ko Malam, kuma kada ka kira kowa ya yi addu'a a gaban jama'a ba tare da ka sanar da shi tun kafin a fara ba.

Sanarwa a karɓe ta a rubuce kafin sujada, wadda ta zo a makare ta jira mako mai zuwa, sai dai ta rasuwa ko ta rashin lafiya mai tsanani. Wajen marabtar baƙi kuwa ana bukatar hikima ta musamman a ƙasarmu. Akwai wanda ya shigo a ɓoye, danginsa ba su sani ba, yana neman ya ji da kunnensa abin da ake faɗa a nan. Ka ce duk baƙon da yake so ya gabatar da kansa yana iya tashi, wanda bai tashi ba a bar shi, kuma ka tunatar da matasa kada su ɗauki hoton jama'a su sa a Facebook ko WhatsApp ba da izini ba. Idan akwai lokacin shaida, mai shaidar ya faɗa wa dattijo abin da zai ce tukuna, a kuma gaya masa minti nawa yake da su.

Addu'ar roƙo domin jama'a ta cancanci a shirya ta kamar yadda ake shirya wa'azi. Ka rubuta abubuwan da za ka ambata: marasa lafiya da ke gida da na asibiti, gwauraye da marayu, ɗaliban da ke fuskantar jarrabawar ƙarshen shekara, manoman da ke jiran ruwan shuka, mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a jihohin Tilaberi da Difa, sojojin da ke daji, da shugabannin ƙasa, kamar yadda Bulus ya umarci Timoti a sura ta 2 ta wasiƙarsa ta fari. Ka yi wa mahukunta addu'a ba tare da ka shigar da ra'ayinka na siyasa ba, gama a gabanka akwai masu ra'ayi dabam-dabam da suka zo neman fuskar Allah ɗaya. Kada kuma addu'a ta zama hanyar tona asirin wani gida. Idan ba a ba ka izinin ambaton suna da irin ciwo ba, ka ce wata ƴar'uwa tana cikin wahala, Allah ya san ta.

Baiko sujada ne, a karɓe shi da natsuwa. Kada a kira adadin da wani ya bayar, kada kuma a ja waƙar baiko ana zagayawa sau uku har mai dala biyar ya ji kunyar mai jaka goma. Kafin wa'azi a sallami yara zuwa makarantar Lahadi tare da malamansu, bayan an yi musu addu'a a gaba, sa'an nan ka gabatar da mai wa'azi da sunansa da nassinsa kawai, ka zauna inda jama'a za su ga kana sauraro da littafinka a buɗe. Idan Lahadin Jibin Ubangiji ce, fasto ne zai jagoranci wannan sashe, naka shi ne ka rage waƙoƙi da sanarwa domin a sami sararin yin sa ba da gaggawa ba, ka kuma tabbata dattawa sun tanadi gurasa da ƙoƙuna tun da safe.

Bayan wa'azi a yi ɗan shiru, a rera waƙar rufewa, fasto ko dattijo ya sa albarka, ko da kalmomin Littafin Ƙidaya sura ta 6 ko da ayar ƙarshe ta wasiƙar Korantiyawa ta biyu. Kai kuma ka riga jama'a zuwa ƙofa tare da mai wa'azi, ku gaisa da kowa, kana lura da baƙon da ke neman sulalewa ba wanda ya yi masa magana. Mutum biyu ko uku waɗanda ba ƴan gida ɗaya ba su ƙirga baiko nan take, su rubuta a littafi, su sa hannu kafin ma'aji ya ɗauka.

Kafin ka tafi gida ka sami fasto ka ce, “Baba, in akwai abin da zan gyara, a faɗa mini,” ka kuma yi wa ɗaya daga cikin tsofaffin mata tambayar ko ta ji karatun sosai daga inda ta zauna. Sa'an nan ka rubuta a littafin masu jagora lambobin waƙoƙin da aka rera, da lokacin da aka fara da wanda aka tashi, da sunayen waɗanda aka saba gani amma yau ba su zo ba. Sunayen ka miƙa wa dattawa domin a ziyarce su kafin taron addu'a na tsakiyar mako, littafin kuma ka kai wa wanda zai yi jagora Lahadi mai zuwa tun ran Litinin.